Fiffike na Uku

Buhu ɗari biyu da arba'in na ɗinka ni kaɗai, kowanne na cika shi da yashin bakin kogi, na aza a sikelin tuffa sai ya kai kilo biyar cif. Tsofaffin rigunan katifa na yayyanka, da namu suka ƙare na bi gidajen maƙwabta ina roƙon nasu. Duk watan Oktoban nan, lokacin da kowace mace a garinmu take kan tsani tana cirar tuffa, ni ina raba yinina biyu, rabi a gona rabi a kan keken ɗinki. Mijina Norifumi ne ya ɗora mini wannan aiki, kuma duk wahalar nan don a karya abu ne.

Shekara shida ke nan yana gina jirgin sama a rumfar da muke tara akwatunan tuffa. Da rana malami ne a makarantar koyon sana'a, yana koyar da zanen inji. In ya dawo ko jakarsa ba ya shiga da ita gida, rumfa yake wucewa. Jirgin ba kwaikwayon na kowa ba ne, daga kansa ya fito: ƙaramin fiffike a hanci, manya biyu a baya, farfela kuma can a gindi tana turawa maimakon ta ja. Mutanen gari suka raɗa masa suna Ƙaguwa, wai ba a gane gabansa da bayansa. Norifumi bai damu ba. Shi mutum ne da ba ya iya zama, a tsaye yake cin shinkafa, fensir a bayan kunne, ƙafa ɗaya tana kaɗawa. Na auri mutumin da ko shayi bai taɓa shanyewa da zafinsa ba.

Katakon kuwa, na wani itace mai ƙamshi da muke kira hiba, ba shi ya sassaƙa ba. Mahaifina ne, Tomekichi, mai shekara saba'in da huɗu, masassaƙin bahon wanka da gangunan miso, daddawarmu ta waken suya. Rabin gidajen garin nan a bahonsa suke wanka, kuma abin da yake taƙama da shi a duniya ɗaya ne: ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ranar da Norifumi ya shimfiɗa masa zanen fikafikai, ina wurin ina zuba musu shayi.

"Uku?" in ji Baba. "Ƙaguwar taka har fiffike uku gare ta a baya, Injiniya?"

"Biyu na tashi ne, Baba. Na ukun na karyawa ne."

"Na me?"

"Za mu kife shi, mu yi ta ɗora masa yashi har ya karye. Da haka zan san ƙarfin sauran biyun. Shi ya sa dole su zama iri ɗaya sak, katako ɗaya, gam ɗaya, komai yadda yake a takarda."

Baba ya ajiye kofinsa a hankali. "Wato in kwashe hunturu guda ina yin abu, kai kuma ka tara mutane ka karya."

"Haka ake yi, Baba. Kowane sabon jirgi haka ake masa."

"A gidanku haka ake yi." Ya jawo takardar, ya aza babban yatsa a kan ƙashin bayan fiffiken, dogon akwatin katakon nan da ke ratsa shi daga gindi zuwa baki. "Nan ya yi siriri."

"Na yi lissafi sau uku."

"Ni ban san lissafi ba. Na dai ce ya yi siriri."

Ya naɗe takardar ya tafi da ita, ya yi hunturu uku a kan fikafikai uku. Duk wanda ya gan su kafin a rufe su da yadi sai ya ce bai kamata a rufe ba.

Ranar gwaji ta faɗo Laraba, saura kwana huɗu a tashi jirgin. An riga an nemi filin bakin kogi don ranar Lahadi, kuma Norifumi yana ta leƙen dutsen da ke yamma da mu, domin kansa ya fara fari. In dusar ƙanƙara ta sauko kwari, filin ya rufe ke nan sai Afrilu. Ban gayyaci kowa ba, amma kafin ƙarfe tara rumfa ta cika. Har Kuwabara-san mai kantin tofu, wato awara, ya rufe kantinsa ya zo da kujerarsa.

An kife fiffiken, an ɗaure gindinsa a ƙarfe. Norifumi ya tsaya kamar yana gaban aji.

"A sama iska ce take tura fiffike daga ƙasa, shi ya sa muka kife shi, yashi ya zama iskar. In ina tafiya miƙe, kowane fiffike yana ɗauke da nauyin buhu talatin. In na yi juyi mai tsanani, ko iska ta buge ni, sai ya ninka biyu, ya ninka uku. Dole ya ɗauki ɗari da goma ba tare da ya yi ƙorafi ba. Wajen ɗari da saba'in zai karye."

"To mu dai karyewar muka zo gani," in ji Kuwabara-san, ya juya wajen Baba. "Tome-san, ka zo da ƙyallen share hawaye?"

Baba yana zaune a kan akwati, hannu a harɗe. Ko kallonsa bai yi ba.

Ni nake miƙo buhu, Norifumi yana jerawa a kan layukan da ya zana da alli, yana auna yadda bakin fiffiken yake sunkuyawa. Muka wuce ɗari da goma. Muka kai ɗari da saba'in, mutane suka ja da baya, mata suka toshe kunne. Ko ƙas bai yi ba. Ɗari biyu. Ɗari biyu da ashirin. Na miƙa buhu na ƙarshe, bayana kamar zai ɓalle, fiffiken yana nan a sunkuye kaɗan yana ɗauke da yashin duka.

"A ɗora matar Kuwabara!" wani ya ce daga baya, rumfa ta kaure da dariya da tafi. Aka yi ta rusuna wa Baba, shi kuma yana gyaɗa kai kamar ba komai. Na kalli mijina. Yana duba takardarsa, yana duba fiffiken, goshinsa a tattare. Na ga lokacin da ya saki goshin. Yana so ya yarda, sai ya yarda.

"Katakon hiba ne," ya ce da ni. "Ashe ya fi abin da littafi ya ce ƙarfi. Sumie, ranar Lahadi!"

Da aka watse muka sauke yashi, ya ce in kama bakin fiffiken mu mai da shi kan maratayi. Ina ɗagawa na ji wani abu. Tun ina shekara tara nake ɗaukar akwatin tuffa, in aka cire guda biyu a ciki hannuna zai gaya mini. Sauran fikafikan biyu kuwa na ɗauke su ya fi sau ashirin, daga shagon Baba zuwa rumfa, daga rumfa zuwa rana, daga rana zuwa inuwa. Wannan ya fi su nauyi. Ba da yawa ba, kamar tuffa bakwai ko takwas.

Na ce wa kaina gajiya ce. Ranar Alhamis na hau tsani, na ciri tuffa biyar, na sauko, na je na duba wanki, na dawo na sake hawa. Na zuba gishiri sau biyu a miyar miso. Da Norifumi ya tafi makaranta na shiga rumfa na ɗaga bakin fiffiken hagu, na ajiye, na ɗaga na ukun, na ajiye. Na yi haka har sau huɗu kamar mahaukaciya, ina fatan hannuna ya canja magana. Tsoro ya kama ni sosai. Na cire gyalen aiki na nufi shagon Baba.

Na same shi yana kankare bakin wata ganga, ƙamshin hiba ya cika wurin.

"Baba, me ka sa a cikin fiffike na uku?"

"Ba gaisuwa?"

"Ina wuni. Me ka sa a ciki?"

Ya ci gaba da kankara. Na tsaya a kansa, na ƙi matsawa. Ni 'yarsa ce, ya san in taurin kai ne a wurinsa na gada.

"'Yan tsinke biyu na itacen nan mai taurin ƙarfe," ya ce a ƙarshe. "Sama da ƙasa, a cikin akwatin. Ba wanda zai gani."

"Sauran biyun fa?"

"Yadda takardarsa ta ce. Ko gashi ban ƙara ba. Ai nasa ne."

"Don me, Baba?"

"Don me? Shekara sittin ina aiki a garin nan. Sai yanzu zan zauna Kuwabara yana kallo aikina ya tsage biyu? Na gaya wa mijinki wurin ya yi siriri, bai ji ba. Da na bar shi haka, da ko rabin buhunanki bai ɗauka ba. A ce wa? A ce Tomekichi ya tsufa, gam ɗinsa ba ya kamawa."

"Ka san zai karye ke nan."

"Da yashi, ƙwarai."

"Kuma irinsa za ka bari ya hau ranar Lahadi?"

Ya ɗago ya dube ni da mamaki na gaske, kuma wannan mamakin ne ya fi tsorata ni. "Haba, Sumie. A sama wa zai ɗora masa yashi? Iska ce kawai. Ke kin taɓa jin nauyin iska? Wannan wasan buhun na 'yan boko ne, su rubuta a takarda su kai ofis. Fikafikan nan sun fi ƙarfin iska nesa ba kusa ba."

Ashe duk bayanin da Norifumi ya yi ranar Laraba ta bayan kunnen Baba ya bi. Ba mugunta ba ce. Mutumin ya yi rayuwarsa da ruwa da miso da dutsen danne ganga, abubuwan da ake ɗagawa a ji su. Raina ya ɓaci.

"Shekarar da guguwa ta yaye rufin shagon nan ta kai shi gonar su Narita, yashi ne ya ɗauke shi?"

Ya mai da kansa ga gangar.

"Maza takwas suka ɗauko rufin nan suka dawo da shi, Baba. Kana cikinsu."

Ya ajiye abin kankarar. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, waɗanda tun bara suka fara karkarwa in bai riƙe wani abu ba. Na san abin da yake aunawa. In aka faɗi gaskiya, gari zai ji. Kuma sabon fiffike hunturu guda ne, shi kuwa ba shi da tabbacin hannun nan zai ƙara kai shi wani hunturun.

"Ko ka gaya masa, ko ni in gaya masa," na ce. "Asabar da safe zai loda mota."

"Fita mini daga shago."

Na fita. Juma'a ta zo ta same ni ina zagaye gida kamar kazar da za ta yi ƙwai. Norifumi ya dawo da wuri yana fito, ya sayo sabuwar hular kwano, ya sa ta a kai yana cin abinci a tsaye. Sau uku na buɗe baki. Na farko ya riga ni da zancen man inji. Na biyu na tuna fuskar Baba. Na uku na dubi mijina, shekara shida a fuskarsa, na ji tausayinsa ya hana ni, sannan na ji haushin kaina don tausayin nan ne zai kashe shi. Na yanke cewa da safe, kafin a tada mota, zan tsaya a gabanta in faɗa ko Baba ya zo ko bai zo ba.

Asabar da safe an aro motar ƙungiyar manoma. An ɗora gangar jirgin, an ɗaure fiffiken dama, ana ɗaure na hagu. Na goge hannuna a jikin wando na taka zuwa gaban motar. Sai ga Baba a bakin rumfa, sanye da rigarsa ta aiki mai tambarin shago a baya, zarto a hannu.

"Baba, ka zo rakiya?" in ji Norifumi. "Akwai wuri a gaba."

Baba ya girgiza kai. Ya wuce kai tsaye zuwa maratayi inda fiffike na uku yake. "Injiniya, zo ka kama mini nan."

"Me za ka yi?"

"Ka ce na karyawa ne, ko ba haka ba? Kama."

Ya yanke yadin, ya sa zarto a ƙashin baya kusa da gindi. Ya ja zarton sau goma sha wani abu, akwatin ya buɗe. A cikin ruwan ɗorawar hiba ga tsinke biyu masu duhu, sama da ƙasa, a manne tsaf kamar tare aka halicce su.

Norifumi ya sunkuya. Ya sa yatsa ya taɓa. Ya cire fensirin bayan kunnensa, ya rasa abin da zai yi da shi, ya mayar.

"Wannan ba ya cikin zanena."

"Ba ya ciki."

"Na mota fa?"

"Babu a cikinsu."

Ban taɓa ganin mijina ya tsaya cak ba sai ranar. Ya dubi motar, ya dubi dutsen da farinsa ya sauko har rabi. Na ga yana neman hanyar da zai bi ya ce ba komai, kuma na shirya in yi masa ihun da duk kwarin zai ji.

"Sumie," ya ce, "buhunanki suna nan?"

"Suna nan."

"A sauke na hagu."

Direban motar ya ce, "Malam, in ka karya wannan da me za ka tashi gobe?" Ba wanda ya kula shi.

Muka kife shi, muka ɗaure gindin a ƙarfe. Wannan karon ba 'yan kallo, daga mu uku sai direban. Na ɗauko buhun farko zan miƙa wa Norifumi, Baba ya tare.

"Ni zan ɗora. Kai auna abinka."

Haka muka yi. Ina miƙawa, Baba yana jerawa a kan layin alli, yana ƙirgawa da ƙarfi. Talatin. Bakin fiffiken ya sunkuya fiye da yadda na ukun ya yi a ɗari. Arba'in da biyar. Zufa tana ɗiga daga haɓar Baba, na ce ya bari in karɓe shi, ya galla mini harara. Hamsin da takwas, wani abu ya yi ƙara a ciki, 'yar ƙarama, kamar an taka busasshen reshe. Norifumi ya daina rubutu.

"Ci gaba, Baba."

"Sittin. Sittin da ɗaya. Sittin da biyu."

Ya aza na sittin da uku, bai gama janye hannu ba fiffiken ya tsage daga gindi da ƙarar da ta sa direban ya yi tsalle waje. Buhuna suka zube, wasu suka fashe, yashi ya malala har ƙafafunmu. Daidai wurin da babban yatsan Baba ya nuna a takarda ya karye.

Norifumi ya zauna a ƙasa, a cikin yashin. "Sittin da uku," ya ce, ba da kowa yake ba. "Juyi ɗaya a kan kogi, iska ta ɗan taso. Shi ke nan."

Baba ya ɗauki guntun katakon ya juya shi, ya duba layin gam. Gam ɗin bai saki ba, ko kaɗan. Da wata rana ce da ya nuna wa kowa. Ya ajiye shi a gefe, ya gyara bakin rigarsa, ya durƙusa a gaban surukinsa, ya kafa tafukansa biyu a yashi, ya sunkuya har goshinsa ya taɓa ƙasa. Mutumin da ko a jana'izar mahaifiyata bai sunkuya wa kowa haka ba.

"Na kusa kashe ka, Norifumi," ya ce. "Ka gafarce ni."

"Baba, tashi. Zanena ne. Ka faɗa mini ban ji ba. Don girmanka ka tashi."

Baba bai tashi ba. Norifumi ya juyo ya durƙusa shi ma, ya kai goshinsa ƙasa, suka zauna haka kai da kai, kowa yana jiran ɗan uwansa ya fara ɗagowa. Ina so in zage su su biyun, ina so in rungume su, kuka ya riga ni. Sai a lokacin na lura ina nan tsaye rungume da buhu na sittin da huɗu, na rasa inda zan ajiye shi.